Muryar Baba tana cikin kwamfutarka

Baban Auta,

Na jira ka har bayan azahar, wayarka a kashe, dole na koma asibiti wurin Inna.

Tun da Inna ta farka da safe take cewa a kunna mata muryar Baba, wadda ka ɗauka yana ba yara labari kafin rasuwarsa. Na ce mata yanzu zan kawo. Na zo gida na buɗe ƙaramar kwamfutata, ga foldar da ka ajiye muryar ina ganinta ƙiri-ƙiri ta intanet ɗin gida a cikin taka ta falo, har da sunan Baba a jiki. Amma ina dannawa sai ta ce wai ba ni da izini. Ni da muryar mahaifina. Na kashe na kunna, na zare wayar akwatin intanet na mayar, duk a banza. Na koma kan taka, ta nemi lambar sirri. Na sa ranar haihuwar Auta, na sa ranar aurenmu, ta ƙi. Yanzu ma ta kulle kanta gaba ɗaya. Ka yi haƙuri, ban san abin da na taɓa ba.

Abincinka yana cikin kula, amma don Allah kafin ka zauna ka buɗe kwamfutarka ka turo min muryar ta waya. Kada ka tsaya gyaran izini, wannan ya jira.

Likita ya ce a sanar da 'yan'uwa. Idan Inna ta sake tambaya zan ce mata kana hanya. Ba ni da wata amsar.

Maman Auta