Kar a yi wa tumatir feshi

Yaya,

Na ɗauki babur ɗinka, da kwalba mai ƙwari a ciki, da rassan tumatir biyu. Na leƙo kana barci, ban tashe ka ba.

Da safe na shiga rumfar tumatir. Fure ya zube a ƙasa, rassan sama kuma sun yi zobe ja-ja kamar an ɗaure su da zare. Na ɗaga ganye, farin ƙudan da ya addabe mu babu ko ɗaya. Korayen ƙwarin da na sako don su cinye shi kaɗai ke yawo. Ina jin abinci ne ya ƙare musu, suka koma tsotson shukar. Ko kuwa wata cuta ce daban? Ban sani ba. Can inda na yi karatu akwai sanyi, ba sa yaɗuwa haka.

Inna ta same ni a tsugune. Ta ce, "Malam Bature, masu gadin naka sun kori ɓarawo, sun zauna cin kayan?"

Na san za ka ce a fesa magani. In mun fesa, korayen ƙwarin ne za su fara mutuwa, farin ƙuda ya dawo ya nannaɗe ganye kamar bara. In mun ƙyale su, furen na iya ƙarewa.

Zan kai wa malamin gona ya duba. Ka yi haƙuri, na kulle rumfar, makullin yana aljihuna. Bara gonar duka muka rasa, bana na yarda mu rasa fure. Ba feshi.

Ƙanenka