Gidan da na bari a kalanda

Asabar, 20 ga Shawwal 1419

An kama Ashafa jiya a unguwar Sultana. Ya fito daga shagon tela, 'yan jawazat, jami'an shige da fice, suka tare shi, iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta mutu kwana tara. Shekara goma sha ɗaya yana dakon jakunkunan alhazai a kamfaninmu na filin jirgi, ko gardama bai iya ba. Mai bin takardun kamfani ya rantse sunan Ashafa bai zo masa cikin waɗanda za a sabunta ba. Da na ji haka na ce gobe zan duba.

Lahadi, 21 ga Shawwal

Na duba. Ni ne.

Bari in rubuta dalla-dalla, ko zan daina maimaita shi a kaina. Babbar kwamfutarmu ba ta tayar da aiki sai kalanda ta ce mata yau ne. Ni nake cika kalandun nan da hannuna farkon kowace shekara: ta miladiyya don jirage, ta hijira don takardun ma'aikata. Aikin da ke fitar da sunayen masu iƙama mai shirin mutuwa yana tashi ran ɗaya ga kowane watan hijira. Ɗaya ga Shawwal kuwa Sallah ce, na sa mata alamar hutu. A ƙasa akwai wani ɗan gida na cikewa da ke tambaya: in ranar ta faɗa hutu, a matsa gaba ko a tsallake? Ban cika shi ba. In ba a cika ba, tsallakewa take yi. Ba ta yi ƙara ba, ba ta nuna ja ba, ta yi abin da na ce mata ne kawai.

Mutum shida abin ya shafa. Biyar suna gida, an ruga da takardunsu yau. Ashafa ne ya fita ɗinki.

Talata, 23 ga Shawwal

Na shiga ofishin Ustaz Hamid, shugaban sashenmu. Kakansa Bakano ne, shi haihuwar nan, Hausarsa sai ya ga dama. Na ajiye masa takardar firinta, na nuna gidan da yatsa. Na ce in kamfani ya rubuta cewa kuskuren daga gare mu ne, wataƙila a sako shi.

Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ya Ja'afar, wasiƙar nan sai da suna a ciki. Sunan wa?" Na janye yatsana daga kan takardar. Ya ce, "Kai ma iƙamarka a hannun kafili ɗaya take, shi ya tsaya muku duka. Fakkir, ka yi tunani." Ya miƙo mini takardar, ko kwafi bai ɗauka ba.

Ba mugu ba ne. Da mugu ne da na sami wanda zan ji haushi.

Laraba, 24 ga Shawwal

Na rubuta wasiƙar. Tana aljihun jallabiyata.

Juma'a, 26 ga Shawwal

Mariama matar Ashafa ta zo gidanmu a unguwar Jurf bayan la'asar. Ina ɗaki ina jin su da matata Tasallah. Ba kuka take ba, lissafin kwanaki take: an ce Litinin za a wuce da su Jidda, daga can a mayar da su gida. Sai ta ɗaga murya ta labule, "Malam Ja'afaru, ku da kuke kusa da manya, a taimaka a sa baki." Na ce in sha Allahu, Mariama. Kusa da manya! Ni da ke zaune a ɗaki mai sanyi kamar firij, ina gadin injin da bai san sunan kowa ba.

Tasallah ba ta sani ba. Da ta tafi ta ce, "Ko wane marar imani ne ya yi sakacin nan." Na ce Allah ya sani. 'Ya'yanmu uku suna makaranta a nan, ƙaramar ko Zariya ba ta taɓa gani ba. Ina jin tsoro, gaskiyar ke nan.

Litinin, 29 ga Shawwal

Sau biyu na je ƙofar babban manaja. Na farko yana waya. Na biyu ba ya komai, ni ne na wuce kamar mai neman banɗaki.

Da azahar aka ce motar su Ashafa ta tashi.

Laraba, 1 ga Zulƙida

Aikin ya tashi da kansa, sunaye goma sha huɗu, tsaf. Na cike gidan tun ran Lahadin can, harafi ɗaya ne. Ko daƙiƙa biyu bai ci ba.

Talata, 7 ga Zulƙida

Ashafa ya sauka Kano, ya bugo wa maƙwabcinsu waya. Wai a gaishe ni, a ce ya gode da ƙoƙarin da na yi. Mariama za ta bi shi bayan aikin Hajji, ta fara sayar da kayan ɗaki. Tasallah ta sayi tukwane biyu don a taimaka.

Yau Ustaz Hamid ya ce a fara shirya kalandar 1420. Da na buɗe sabuwa, injin ya tambaya ko a ajiye tsohon kwafin ta bana, wanda ke nuna yadda take kafin gyara. Na ce a goge. Wuri ne ya yi mana kaɗan a faifai, kowa ya san haka.

Wasiƙar kuma ta bi wanki. Ban cire ta ba da na ba Tasallah jallabiyar, mantuwa ce ina jin.

Ta yi dafa-duka a sabuwar tukunyar. Na ci, har na ƙara.