Ƙafafun Sarauniyar Taurari

Daga cikin jirgina, can bayan Zara, ranar Talata, a shekarar da ku mutanen ƙasa kuke ce wa 1978.

Zuwa ga Safara'u ta gidan Goggo a Ɗanzomo, farin watan sha huɗu, ruwan randa a tsakiyar bazara, inuwar tsamiya ranar kasuwa, ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari. Gaisuwa mai yawa, da ban girma, da fatan kin tashi lafiya.

Ni ne Mai Ido Uku, sarkin yaƙin taurari bakwai, wanda ake nunawa a silimar Kano. Kin san ni ko da ba ki taɓa ganina ba: idona na goshi a rufe yake kullum, ba ya buɗewa sai an yi ƙarya a gabana. Na tsayar da yaƙi a tsakiya, runduna tana jirana, saboda labari ya iso mini cewa Juma'a uku ke nan wani mai gyaran keke na Gumel, Ilu, yana taka keke har ƙofar gidanku, a aika ciki, a dawo a ce masa kina daka. Dakan me ake yi har mako uku, Safara'u? Gero nawa ne a Ɗanzomo? Har Goggo ta ce masa in ta huɗu ta zo ba ki fito ba, ya huta da taya.

Na san laifinsa. Ya je Kano sayen sarƙa da birki, ya dawo ya baje a tabarmar Goggo ya ba ki labarinmu, ke kuma kika haddace shi kamar karatun allo. Ranar da kuka raka amarya Hannatu Gagarawa a lorin Sajo, taya ta yi faci, kuna zaune gindin kuka kina zuba wa 'yan mata shi tiryan-tiryan, sai Sajo, wanda ya kalle mu sau uku a kan kujera, ya ɗago daga ƙarƙashin mota ya ce, "Wa ya sayar miki da wannan? Ai rabinsa shaci-faɗi ne." Kika miƙe tsaye kika ce, "Ilu yana tsokanar kowa, amma ni ba ya yi mini ƙarya." Aka yi dariya har amarya a cikin lulluɓi. Ya hasken idanuna, wato hasken idanunsa, wannan maganar taki ita ce ta hana shi cin tuwo.

To ni na zo shaida, tunda a kaina aka yi gardamar. Ya ce ido uku gare ni: gaskiya ne. Ya ce bawana Dogon Ƙarfe a tsaye yake barci, kuma ta wani rami a ƙirjinsa yake magana: gaskiya ne. Ya ce bokan jirginmu kansa a cikin kwalba yake kamar lagwanin fitila, in ya yi fushi kwalbar ta yi hazo: ko Sajo bai musa ba. Amma da ya ce Dogon Ƙarfe kofato gare shi irin na jaki, nan idona ya buɗe, don a kan sarƙa yake tafiya kamar katafilar aikin titi. Da ya ce a kan ingarma nake ba da umarni, ya sake buɗewa. Kujera ce, Safara'u, mai juyawa kawai.

Ba ki lura ba? Duk abin da ya faɗa daga ƙirji zuwa sama daidai ne, daga ƙugu zuwa ƙasa ne ya ɓata. Ga dalili. Kafin ya hau jirgin ƙasa a Gagarawa Tasha, Baffansa ya sa shi ya yi alkawari ƙafarsa ba za ta taka gidan silima ba. Bai taka ba kuwa. Gidan ba shi da rufi, a bayan katanga akwai darbejiya, sai na hau, wato ya hau. Reshen da ya samu gajere ne, katanga ta yanke mu duka a ƙugu. Turanci kuma ba ya ji. Rabin mutum ya gani, kunya ta hana shi gaya miki daga kan bishiya ya kalla kamar biri, sai ya ƙarasa sauran da bakinsa.

Saura Sarauniyar Taurari, wadda a kanta dariyar ta fi yawa. Sajo ya ce takalmin azurfa take sakawa har gwiwa. Bai yi ƙarya ba. Ilu kuwa ya ce ba ta sa takalmi. Ya ce lallenta ja ne har idon sawu kamar ƙasar da aka yi wa yayyafi. Ya ce ƙaramin yatsanta na hagu ya ɗan hau kan maƙwabcinsa, kuma a dugadugi tana da tabon ƙaya. Ke da kika maimaita wa mutane wannan, ba ki taɓa duban ƙasa ba? Ya barewa, ya kurciya mai tafiyar nutsuwa, ƙafar wa ke nan?

Mai gyaran keke a tsugune yake yini, ƙafafun mutane yake fara sani kafin fuskarsu. Ki tuna wata Alhamis a kasuwar Maigatari ta bakin iyakar Nijar, ƙasar da muke kira Faransa, kina ɗauke da ƙwaryar fura, boris ɗaya, ɗan ƙwallon ƙarfen nan na cikin ƙafar keke, ya kuɓuce masa yana gangarawa, kika taka shi da babban yatsa kika ce, "Malam, riƙe ɗanka, zai tsallaka Faransa ba fasfo." Kafin ya ɗaga kai ya ga wadda ta yi maganar, zuciyarsa ta riga ta zauna a kan ƙafar nan. Da katanga ta ɓoye masa ƙafafun sarauniya, wace ƙafa zai ba ta? Duk duniya, sama da ƙasa, guda biyu kaɗai ya sani da suka dace da sarauta.

Wannan ba ya wanke shi. Kin tsaya masa a gaban mutane, shi kuma ya bar ki tsaye a kan iska. Ya yi alkawari, wannan karon ba tare da darbejiya a ciki ba: zai tsaya gaban Sajo da ƙawayenki duka ya ce ƙaryar tasa ce, ke amana kika riƙe. Su kira shi birin silima har ya tsufa. Jiya ma ya gaya wa Baffa maganar bishiyar, kunnensa bai daina zafi ba. Abin da ba zai iya ba shi ne hanyar Ɗanzomo ta rufe. In ta rufe, rana ta fito ta yi me? Wata ya haska wa? Taurari bakwai ɗin nan duk na bayar da su a kan sallama ɗaya daga bakinki, ko da da harara ce!

Safara'u, idon goshina a buɗe yake tun layin farko, ya gaji, bari in sauwaƙe masa. Babu jirgi, babu runduna. Tawadar nan a Gumel aka dafa ta, baƙin da kike gani a gefen takarda man sarƙa ne. Ni ne. Kin gane tun daga "gero nawa", na sani. Amma ki nemo mai ido uku na gaske, in akwai shi, ki zaunar da shi a gabana in ce ina son ki, yau da gobe da ranar da haƙorana za su zube: idon nan ko motsi ba zai yi ba.

Juma'a bayan la'asar zan jingine keke inda na saba. In fuskarki ba ta huce ba, ki riƙe ta a ciki, ban cancanta ba tukuna. Ki miƙo ƙafa ɗaya ta ƙarƙashin zana. Zan gane ta.

Naki har numfashi ya ƙare,
Ilu mai gyaran keke, mai ido biyu, duka suna kan hanyar Ɗanzomo.