Kumbon da Ɓeraye Suka Ci

Talata da dare, tsakiyar damina

Kumbona ya tashi aiki. Ɗan ƙaramin jirgin nan da na ƙirƙiro daga kaina, mai kai mutane duniyar da babu yunwa. Tun kaka nake fere karan dawa da reza, ina goge gwangwanin madara da toka har ya yi ƙyalli. Gam ya fi ƙarfina bana, sai na dama garin rogo na manne fukafukan da shi. Da ɗakinmu ya fara yoyo, na kai shi rumbu, tunda ko zangarniya babu a ciki.

Yau da na buɗe, ɓeraye sun bi duk inda na shafa garin sun gaigaye. Gwangwani kawai suka bar min.

Matata Hajara ta leƙo, ta daɗe tana kallo. Na zaci faɗa za ta yi kan garin da na ɗiba a ƙwaryarta. Sai ta ce, "Malam, yi haƙuri. Su ma yunwa ce."

Gara ma ta yi faɗan. Wata da watanni ina gini, ɓera kaɗai na ƙosar a gidan nan.