Mai Cin Abinci Yana Kallon Bango

Landan, 9 ga Maris, 1971

Hamma Bobboyi,

Ina gaisuwa. Yaya mahaifiyarmu Dada da ciwon ƙafarta? Ni lafiya lau, sai sanyi.

Wasiƙarka ta kwantar min da hankali. Tun da na ji an kai fim ɗin nan na rayuwar baƙi irinmu a Landan sinimar Jimeta nake fargaba. Ashe rabin 'yan kallo ficewa suka yi, wai ba faɗa ba waƙa. Ka ce kai jikinka ya yi sanyi, amma Baffa Haladu ya rantse wa Dada ƙarya ce, ba ɗan Adam da zai ci abinci shi kaɗai yana kallon bango kamar yadda aka nuna a fim ɗin.

Allah ya saka wa Baffa da alheri. Ka bar Dada a haka. A aiko min da yaji. Teburina kuwa na juya shi wajen taga.

Ƙaninka,
Lawal