Gefen Wasiƙarka a Tsakanin Haƙoran Giya

Baba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Inna da ƙannena. Yaya idon naka? Na ji har yanzu kana buɗe shago, kana gyaran keken ɗinki da lalube. Don Allah ka riƙa ɗiga maganin.

Ni lafiya lau nake. Na ɗan rame, amma kada ka gaya wa Inna.

A gasar ɗalibai da za mu shiga ranar Asabar, ni aka ba aikin ƙera akwatin giyar da ke juya tayoyin mutum-mutuminmu mai inji, kuma kada girmansa ya wuce tafin hannu. Na matse haƙoran giyar yadda kwamfuta ta nuna, amma da ya yi minti biyu yana gudu sai ya ɗau zafi ya cije. Shugaban ƙungiyarmu ya ce in ya ƙara, za a ba wani aikin. Ban yi kuka ba, sai kaɗan.

Sai na tuna yadda kake saka siririyar takarda tsakanin haƙoran giyar keken ɗinki kafin ka ɗaure noti, kana cewa ƙarfe ma yana son numfashi. Na gwada. Baba, jiya awa guda yana gudu, ko ɗumi bai yi ba! 'Yan ƙungiyarmu suka ce a wane littafi na gani, na ce malamina yana gida.

Takardar kuwa, gefen wasiƙarka na yaga, ka yafe mini. Wurin da ka rubuta "Allah ya yi miki albarka" yana nan, ban taɓa shi ba.

'Yarka.