Ranar da Muka Fita da Jar Motar Baba

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Anti Rabi da yara. Yaya aiki, yaya sanyin can? Mu nan unguwar Briqueterie lafiya lau, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Ka tambaya ko tsohuwar motar tseren marigayi Baba tana da daɗin tuƙi, tunda ba ta da wani ƙarfi. To, Kawu Bello makanike ya tayar da ita. Ranar Juma'a da la'asar na sauke rufinta, na ɗauki Inna. A hawan unguwar Mokolo taksi suna ta wuce mu, masu moto a kan baburansu har dariya suke mana. Amma Yaya, sitiyarin nan bin hannu yake, iska na wasa da mayafina, hadari na haɗuwa bisa duwatsu. Kamar a mafarki nake tafiya.

Na so in ƙara wuta, sai Inna ta dafa hannuna, idonta a lumshe, ta ce, "Bar ta haka, Hadiza. Haka Babanku yake tuƙa ni ina amarya."

Don Allah kada a sayar da ita. Ka sa mu a addu'a, musamman Baba. Inna tana gaishe da jikokinta.

Ƙanwarka,
Hadiza